Motar haya mai gado da murhu, da 'yar shekara uku a ciki

Motoci uku nake bayarwa haya a Salt Lake City ta jihar Utah, irin waɗanda Amurkawa ke kira RV. Mota ce, amma a cikinta akwai gado, murhun gas, firij da banɗaki. Duka ukun a kan ƙirar Ford E-450 aka gina su, da wani gado a saman kan direba, wanda yara ke fara rigima a kansa tun ba a tada inji ba. Kasuwarmu daga Mayu zuwa Satumba take ci. Da sanyi ya kawo jiki sai in tsiyaye ruwan bututu, in ɗura maganin hana daskarewa, don in ruwa ya zama ƙanƙara a ciki, fasa bututun yake yi.

Mutane na zaton aikin miƙa makulli ne a karɓi kuɗi. Ina! Awa guda cur nake yi da kowane mai haya kafin ya fita daga harabar. In akwai ƙaramin yaro, da kujerarsa muke farawa. Doguwar kujerar da ke kallon gefe ba a ɗaura kujerar yaro a kanta, sai wadda ke fuskantar gaba, mai bel ɗin da aka kafe a ƙarfen mota. Da hannuna nake jijjiga ta. In ta motsa, a kwance a sake.

Daga nan sai tankuna, darasin da kowa ke yamutsa fuska. Uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. In an je wurin zubarwa a sa safar hannu, a fara buɗe na masai, sannan na wanka ya biyo baya ya ɗauraye tiyo. Wanda ya juya tsarin, ni ke shan warin ranar da ya dawo.

A Yulin bara wani ɗan'uwanmu ya zo daga Houston da maiɗakinsa da 'yarsu mai shekara uku. Ya zaro takardar wuraren da yake son zuwa: gandayen shaƙatawa na ƙasa na Arches, Zion da Yellowstone, duk a kwana bakwai.

Na ce, "Malam, wannan lissafin mai ƙaramar mota ne, wanda ba shi da goyo."

Daga nan zuwa garin Moab, ƙofar gandun Arches, kusan mil 230 ne. Ƙaramar mota awa huɗu take yi. Wannan kuwa, da tsayawar fitsari da ta kuka, a ba ta shida. Galan ɗaya na fetur bai fi ya kai ta mil takwas zuwa goma ba. Yellowstone kuma can arewa yake, sun ba juna baya da Moab. Da ƙyar ya yarda ya soke shi, sai da Hajiya ta sa baki.

Burinsa shi ne Delicate Arch, dutsen nan da ke jikin lambar motocin Utah. Mil uku ne zuwa da dawowa, hawa a kan falalen dutse, inuwa kuwa sai dai ta hularka, ga zafin Yuli da ke haura digiri 38. Na ce ya je shi kaɗai da asuba, yarinyar kuma a kai ta Sand Dune Arch: 'yar gajeruwar hanya ce tsakanin dogayen duwatsu, ga inuwa, ga yashi mai laushi.

Da suka dawo, Hajiya ke ba ni labari tana dariya. Jakar goyo mai tsada da maigidan ya saya, yarinya ta ƙi ta ƙememe, sai da aka koma wa zani. Zion ma ba su leƙa ba. Kwana uku a jere suna komawa wurin yashin nan, ita tana haƙa rami da cokalin kicin ɗina, uban na zaune yana tsaron takalma.

Tankuna ya zubar da su yadda na koya masa, wannan na yaba masa. Amma jan yashin Moab, har cikin aljihun cokula da ƙarƙashin katifar sama. Sau uku na bi motar da injin zuƙar ƙura. Cokali ɗaya bai dawo ba, ban kuma cire shi daga kuɗin ajiyarsu ba.