Abin da na tarar a cikin kashin jarirai

Ina neman Bifidobacterium ne, wata bakteriya mai amfani da ke zaune a hanjin jarirai, ko zan samu wadda za a iya ba jarirai su sha. Makonni uku na farko ban samu komai ba. Iyaye mata suna ba ni kashin jariransu da yardarsu, in ɗebo daga famfas in zuba a 'yar kwalba, amma kafin in isa ɗakin gwaji awa biyu sun wuce. In shuka a farantin renon bakteriya, in jira kwana uku, in buɗe, sai in ga wasu bakteriya daban sun cika shi. Malamata ce ta gano matsalar. Ta ce, "Ɗana, Bifidobacterium ba ta jure iska. Kafin ka iso ta mutu a hanya."

Daga nan na koma sa samfurin cikin ruwa mai sinadarin sistin, wanda ke kare ta daga oksijin, nan take, farantan kuma su shiga tukunyar da aka cire wa oksijin a zafin digiri 37. Ranar da fararen ɗigo-ɗigo suka fito, na leƙa madubin likita na gan su, 'yan sanduna masu kai biyu kamar gwafa. Siffar da likitan Faransa Henri Tissier ya gani ke nan a 1899 a kashin jariri mai shan nono. Na daɗe ban ɗago kai ba.

Gwajin juriya, don a ga ko za su isa hanji da ransu, bai ba ni wuya ba: awa uku cikin asid irin na ciki, sannan ruwan matsarmama. Guda ɗaya daga cikin ire-iren da na ware ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, har na fara ɗaukarta tawa.

Karanta ƙwayoyin gadonta ne ya sanyaya mini jiki. Tana ɗauke da tet(W), wadda ke sa maganin tetirasaikilin ya kasa kashe ta, kuma kusa da ita akwai wani yanki mai iya ƙaura zuwa jikin wata bakteriya. Idan ta miƙa wannan ga mai cutarwa a hanjin jariri fa? Na ajiye ta gefe, raina bai so ba.

Wadda na raina da farko, mai jinkirin girma, ita ce ta zama Bifidobacterium infantis. Tana da tarin ƙwayoyin gadon nan da aka bayyana a 2008, masu narkar da wani sukari na nonon uwa wanda shi kansa jaririn ba ya iya narkarwa. Wato uwa tana shayar da ɗanta, tana kuma ciyar da masu tsaron hanjinsa. Su kuma suna fitar da asid, hanjin ya yi tsami, masu cuta su rasa wurin zama. Har yau abin yana taɓa mini zuciya.

Duk da haka ban yi gaggawa ba. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu, an ba shi irin wannan bakteriya ya sha, aka kuma tarar da ita a cikin jininsa. Tawa tana nan daskare a firiza, tana jiran gwaji na gaba a kan ƙwayoyin hanji.