Lilon da ke zane da rairayi a Damagaram

Daga Kano muka tashi bayan asuba, muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka, muka ratsa Matamaye. La'asar sakaliya kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan kawuna a unguwar Birni. Kawu mushe ne, wato malamin boko, shekara da shekaru yana koyar da lissafi a lakwal, wato makaranta.

Washegari ya zaga da ni. Na ga fadar Sarkin Damagaram, da manyan duwatsun nan da gidaje suka rakuɓe a jikinsu. Ya tuna mini cewa Zinder, wato Damagaram, ita ce babban birnin Nijar har 1926, kafin a koma Yamai. Ni kuwa idona na kan dagin da magina suka zana a fuskar tsofaffin zauruka, layi ya shiga ƙarƙashin layi ya fito.

"Wannan ya burge ka? Bari mu koma gida," in ji shi.

A zaurensa ya ɗaura igiya biyu a jikin azara, ya haɗe su da ƙulli, igiya ɗaya ta sauko daga ƙullin ɗauke da mazurari. Ya tankaɗe rairayi ya cika shi, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙasa. Ya ja mazurarin gefe, ya cire yatsa daga bakinsa, ya saki.

Na tsuguna. Siririn rairayi na zuba kamar zare, yana lanƙwasa, yana komowa ya haye kansa. Kowane zagaye ya ɗan fi na baya ƙanƙanta, domin iska na rage wa lilon ƙarfi. Kafin rairayin ya ƙare, ga wani abu mai kama da dagi kwance a kan ƙyalle, ba hannun da ya taɓa shi.

"Kawu, ta yaya?"

Ya ce asirin na wurin ƙulli. In lilon ya yi gaba da baya, tsawonsa tun daga azara ne. In ya yi gefe, daga ƙulli kawai yake lilo. Doguwar igiya kuwa ta fi gajera jinkirin lilo, nauyin mazurari bai da ruwa. Wadda ta kai mita 1, zuwa da dawowarta daƙiƙa 2 ne ko kusa. In tsawon biyun ya zama 9 da 4, gajeren zai yi lilo uku yayin da dogon ya yi biyu, saƙar ke nan. Hugh Blackburn, wanda ya koyar da lissafi a Jami'ar Gilasgo, ya yi bayanin wannan ɗauri a 1844. Daga baya aka ƙera na'ura mai yin irin wannan zane da alƙalami a takarda, ana ce mata harmonograf.

Na roƙe shi in gwada. Na matsar da ƙullin sama kamar faɗin yatsa biyu, sai zanen ya ƙi rufewa, ya riƙa murɗawa a hankali har ya cika ƙyallen. Sau shida na sake cika mazurarin, har aka kira magariba. Da zan taho na ƙunso rairayin da ya tankaɗe a leda, da awon igiyar a bayan takardar mota.