Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Laulayin da Ya Kwantar da Ni Asibiti

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na tabbatar na yi ɓatan wata, wata 4 bayan tarewata a gidan mijina da ke Mabera, cikin garin Sakkwato. Ban faɗa wa kowa ba in ban da maigidana, domin cikin fari abin kunya ne a wurinmu, kuma amarya ba ta buɗe baki ta yi wa surukarta irin wannan albishir. Sai dai Inna, mahaifiyarsa, wadda sashenta ke jikin namu, ba ta buƙaci a gaya mata ba. Kallo ɗaya ta yi mini da safe, ta yi murmushi, ta ci gaba da jan tasbaharta.

Cikin yana da mako 6 amai ya fara. Ana cewa laulayi ya fi tsanani da safe, amma nawa bai san safe ba, bai san dare ba. Ƙanshin albasa a cikin mai, warin daddawa, turaren wutar da na zo da shi daga gidanmu, har sabulun da maigidana ke wanka da shi, kowanne ya isa ya tayar mini da zuciya. Wata rana na ƙirga aman da na yi daga asuba zuwa isha'i, na kai 17 na daina ƙirgawa. Yawu kuwa ya riƙa taruwa a bakina ba ƙaƙƙautawa, har aka ajiye mini gwangwani da toka a gefen katifa.

Wannan duka ya faru ne a ƙarshen Maris zuwa Afrilun 2022, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce maki 40 a ma'auni, ga shi kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin watan Ramadan. Na ɗauki azumi kwana 2 na farko. Na san sarai shari'a ta sauƙaƙa wa mai cikin da ke tsoron cutuwa ta sha ta rama daga baya, amma ina jin nauyin a gan ni da kofi a hannu da rana tsaka, gida duka ya gane halin da nake ciki. Har yau idan na tuna ina jin haushin kaina, domin kunya ce ta sa na yi, kuma babu wanda ya tilasta mini.

Magani kam an yi. Inna ta kawo jiƙo da rubutu, maƙwabta suka kawo tsamiya da lemun tsami, Yayata ta kira daga Gusau ta ce in riƙa cin busasshen burodi ko biskit kafin in tashi daga shimfiɗa, in ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, in tsotsi citta, in kurɓi ruwa mai sanyi a hankali. Shawarar Yaya gaskiya ce, kuma daga baya likita ma ya maimaita mini ita, amma tana aiki ne ga laulayin da aka saba gani, wanda mace ke amai sau ɗaya ko biyu ta tashi ta ci abincinta. Nawa ya riga ya wuce nan. Maigidana ya je wani kemis aka haɗo masa maganin ƙarin jini, kowace ƙwaya na haɗiya sai ta dawo da abin da ya fi ta yawa. Duk lokacin da ya yi zancen asibiti, Inna takan ce, "Laulayi ba ciwo ba na, kowace mace ta yi shi. Ɗiyata, ki yi haƙuri, shina wucewa." Ba da mugunta take faɗa ba, ta haifi 9 a ɗakinta, kuma abin da ta sani ke nan.

Ranar da abin ya kai maƙura, ko cokali ɗaya na ruwa bai zauna a cikina ba tun daren jiya. Harshena ya bushe kamar ƙirgi, zuciyata tana bugawa da sauri ko ina kwance, kuma a cikin aman na fara ganin zaren jini. Da na miƙe zan je bayi, jiri ya kwashe ni na zube a ƙofar ɗaki. Wata maƙwabciyarmu da ke aikin ungozoma a asibiti ce ta shigo da ta ji salati. Ba ta tambaye ni sau nawa na yi amai ba. Ta ja fatar bayan hannuna ta saki, ta ga ta daɗe ba ta koma ba, sannan ta ce, "Amarya, yaushe rabonki da fitsari?" Na ce tun jiya da la'asar, shi ma ɗan kaɗan ne, kalarsa kamar shayin da ba madara. Ta juya wurin Inna ta durƙusa ta ce, "Inna, ku gafarce ni, ruwan jikinta ya ƙare, a nemo Keke Napep yanzu."

A asibiti aka ɗora ni a sikeli. Da aurena ina da kilo 58, ranar aka samu 52. Aka ɗauki jini da ɗan fitsarin da na iya yi, aka duba zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara, domin su ma suna sa mai ciki amai, aka kuma yi hoton ciki don a tabbatar ba tagwaye ba ne ko cikin da bai ƙullu daidai ba. Ɗa ɗaya ne, zuciyarsa tana bugawa. A fitsarin ne aka ga abin da suke kira kiton, alamar cewa jiki ya rasa abinci har ya koma yana ƙona kitsensa. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi mini allurar tsayar da amai, aka ba ni bitamin B1, wanda likitan ya ce rashinsa ga mai daɗewa tana amai yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Leda ta uku tana tafiya na ji fitsari ya kama ni, kuma ban taɓa zaton zan yi murna da wannan ba.

Washegari likitan ya sa aka kira maigidana da Inna. Ya ce yawancin masu ciki suna laulayi, kuma yakan lafa tsakanin mako 16 zuwa 20, amma akwai mai tsanani da suke kira haifaremesis, wanda ke samun mace 1 zuwa 3 cikin 100. Ya ce idan mai ciki ta yi kwana ɗaya cur ruwa bai zauna mata ba, ko ta wuce awa 8 ba fitsari, ko fitsarin ya yi duhu sosai, ko tana ganin jiri idan ta tashi, to ba a jira gari ya waye. Haka nan idan aka ga jini a amai, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko ta rame da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta. Ni da ya kamata a kawo ni tun na rasa kilo 3, sai da na rasa 6. Ya dakatar da maganin ƙarin jinin zuwa wani lokaci, ya bar mini folik asid, wani bitamin da ake ba masu ciki, ya kuma hana shan kowane magani ba da saninsu ba. Wata nas da ke gyara mini allurar hannu ta ƙara da cewa Gimbiya Ket, matar Yarima Wiliyam na Ingila, irin wannan ciwon ne ya kwantar da ita asibiti a Landan cikin Disambar 2012. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe har gidan sarauta shina shiga."

Na daɗe ina zargin kaina da ragwanci, domin na ji ana raɗa cewa shagwaɓa ce irin ta amaren zamani. Sai a ƙarshen 2023 na karanta labarin binciken da masana na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsu suka fitar, wanda ya danganta ciwon da wani sinadari mai suna GDF15 da mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa, kuma macen da jikinta bai saba da shi ba kafin ciki ita ta fi shan wuya. Na karanta wa maigidana sau biyu.

Kwana 3 na yi aka sallame ni da ƙwayoyin tsayar da amai. Bayan kwana 10 abin ya dawo, daf da sallah, ana tsakiyar soye-soye a gidan. Wannan karon ban ɓoye ba, kuma ban jira in faɗi ba. Da magariba Inna ta leƙo ɗakina, ta dubi kofin ruwan da ban iya sha ba, ta tambaye ni ko na yi fitsari tun safe. Da na girgiza kai, ta yafa mayafinta, ta ɗauki katin asibitina da kanta daga kan madubi, ta ƙwala wa ɗanta kira.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba da labarin kwanciyata ta biyu, da yadda Babana ya aiko a ɗauke ni zuwa gida tun kafin lokacin goyon ciki ya yi.