Kuɗin ƙungiya a akawun ɗina, wautar da har yau take min ciwo

Shekara 11 kenan ina da ɗan wurin buga takardu, mu 6 ne har da yaran da ke koyon aiki. A 2019 abokan sana'a suka ɗora min shugabancin ƙungiyarmu ta ƙananan 'yan kasuwa, ni ban nema ba, wai ni ne mai haƙurin sauraron mutane. Muka kafa asusu, kowa na zuba wani abu duk wata, yaron da ya gama koyon sana'a a ba shi rance ba ruwa ya sayi kayan aiki, ya biya a hankali a ba na bayansa. Wannan ɓangaren lafiya lau ya tafi, ba sai na ja shi ba.

Ga inda na kwafsa. Da muka je buɗe akawun da sunan ƙungiya banki suka ce sai takardar rajista da tsarin mulkin ƙungiya da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓi masu sa hannu, na ga abin zai ja lokaci, sai na ce ku dinga turowa ta akawun ɗin wurin aikina kafin a gama. Wallahi "kafin a gama" ɗin nan sai da ya ci shekara 2.

Sai ga korona a 2020, aka kulle ko'ina, aiki ya tsaya cak. Mutane suna ta kira, wannan matarsa ba lafiya, wancan mai gida ya matsa masa, ni kuma ina ta turawa, ga albashin yarana, ga haya, duk daga akawun ɗaya. A raina cewa nake nawa nake bayarwa. Ban rubuta komai ba, ko layi ɗaya, ina jin kaina wai ai na san lissafin a ka.

Ranar da abin ya fashe a wajen taro ne, kuma wanda ya yi tambayar yaro ne da ni na koya masa aiki da hannuna. Ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Maigida, nawa ya rage a asusun? Akwai mutum 2 da ke jiran rance." Na faɗi wani adadi da ka, sakatare ya buɗe littafinsa ya faɗi wani daban, wurin ya yi tsit. Can baya na ji wani ya ce "an ci kenan", a hankali ya faɗa amma na ji, kuma har yanzu ina ji.

Dare 3 muka yi ni da sakatare a kan takardun banki, jan biro na ƙungiya, shuɗi nawa, layi bayan layi. Da muka haɗa, kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin mutane babu. Ban saci kwabo ba, amma wa zai yarda? Taimakon da nake ta yi ana min godiya ana sa min albarka, ashe da kuɗin wasu na yi shi ba da izininsu ba, wannan ne ya fi ƙona min rai fiye da zagin. Injin ɗina ɗaya na sayar na cike gurbin, kuma na karyar da shi ne saboda sauri.

Yanzu akawun ɗin da sunan ƙungiya yake, mu 3 ne masu sa hannu, ba a cire komai sai 2 sun sa, kuma duk wata ana karanta takardar banki a gaban kowa ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Taimakon da nake yi daga aljihuna ma na yanka masa kashi 5 cikin 100 na ribata, in ya ƙare sai in ce a yi haƙuri sai wani watan, da kunya nake faɗa amma ina faɗa. In an ba ka irin wannan shugabancin, don Allah ko kwana ɗaya kar kuɗin jama'a ya kwana a akawun ɗinka, gara a dakatar da tarawa har a gama takardu.

Yaron nan ya zo daga baya yana ba ni haƙuri, na ce masa ya bari, shi ne ma'ajinmu yanzu. Wurin da injin yake kuwa har yau kwalaye ne a jibge, ban samu na mayar ba.