Injin V6 ɗin da na saya ne ya watsa mana kulob

Ɗan ƙanwata ne ya zo gareji ranar Asabar wai in duba masa dokokin kulob ɗinsu na wasan mota da ya rubuta a waya. Shi ne sakatare. Na karɓa ina karantawa, sai ga kuɗin rajista mai nauyi, kuɗin wata, riga iri ɗaya dole, sannan layin da ya tsayar da ni, wai duk wanda motarsa ba BMW ko Marsandi ba ce ba zai shiga fili ba, ya tsaya wajen 'yan kallo. Na ce masu Golf fa? Ya ce Kawu ai su ke zubar mana da aji a bidiyo. Ban ce masa komai ba a lokacin, shi ya sa na zauna rubuta wannan, don ba shi kaɗai ba ne, kuna da yawa.

Mu ma mun yi namu kulob ɗin a Kaduna, kafin a haifi yawancinku. Lokacin Fijo ce ko'ina, tunda tun 1975 ake harhaɗa 504 a garin, kayanta kuwa a Panteka kamar ƙasa, yaron gareji ma in ya tara kuɗin gyara zai iya sayen gawar mota ya tashe ta. Muna jin labarin yadda 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, muna ganin hotunan 'yan tseren Faris-Dakar suna keta Agadas da Tenere, sai muka ce mu me zai hana. Muka samu fili bayan gari, muka jera tsofaffin tayoyi a kwana, mutum ɗaya da agogo, wani da tuta. Shikenan kulob. Akwai malamin makaranta, akwai direban tasi da ke cire kujerun baya ranar Lahadi ya mayar ranar Litinin, akwai makanikai uku ko huɗu waɗanda duk wanda lagiretonsa ya fashe su za su kwanta ƙarƙashin motar ba ko kwabo. Duk injinmu iri ɗaya ne, mai silinda huɗu da kafireto, don haka wanda ya fi iya shiga kwana shi ke ci, kuma sau da yawa direban tasin nan ne, abin yana min ciwo wallahi.

To sai na samu kuɗi. Na sayar da wani fili da na gada, na aika Kwatano aka kawo min injin V6 mai silinda shida na Fijo 505, na sa shokozoba sabbi, na sa tayoyin da ba wanda ya taɓa gani a filin. Na fara ci. Kowane sati ni ne. Kuma ku tsaya, kafin ku ce mugunta ce, babu dokar da ta hana, kuɗina ne, gadona ne, kuma har gobe ina ganin wasan mota ba ya ci gaba in kowa ya tsaya a kan injin kakansa. Amma abin da ban lura ba shi ne mutum ba zai ƙona mai ya cinye taya don ya zo ya sha ƙurata duk Lahadi ba. Mutum biyu masu hali suka bi sahuna suka sa nasu manyan injinan, sauran suka fara zuwa da uzuri, yau matata ba lafiya, gobe biki a ƙauye. Direban tasin bai ce komai ba, kawai wata Lahadi na hango shi a tasha yana lodi, kujerun baya suna ciki.

Da aka ba ni shugabanci sai na ƙara kwaɓa abin. Na ninka kuɗin wata wai don mu yi kofi da riguna, na ce makanikai su ma su biya tunda 'yan kulob ne. Mutanen da ke mana aiki kyauta fa! Har yanzu in na tuna sai in ji kunya, ko da yake gaskiya akwai ɗaya a cikinsu da ke zuƙe mana mai a jarka, wannan ban yi nadamar tafiyarsa ba. Dattijon da ke riƙe agogo kuwa na taɓa yi masa tsawa gaban yara don ya rubuta min lokaci ba daidai ba, ya ajiye agogon kan bonet ɗina ya tafi a ƙafa. Ba mu sake samun mai tsayuwa cikin rana awa huɗu ba lada ba. Kuma na riƙe kujerar nan shekara da shekaru, duk saurayin da ya kawo shawara sai in ce yaushe aka haife ka. Yau kulob ɗin ya koma guruf a WhatsApp, abin da ake turawa ciki ta'aziyya ce da maganin ciwon gwiwa.

Ba ni kaɗai na kashe shi ba dai, a yi min adalci. Fili ya zama unguwa, Fijo ta ƙare a titi, aure da kuɗin makaranta suka kwashe mutane. Amma mu da muka watse lokacin da mai ke arha, ku fa? Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, kayan gyara kuma farashin dala suke bi, ku kuma salon naku na zamiya da hayaƙi ne, wanda tayar baya ba ta kwana. A haka kuke korar mai Golf?

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na ga kaɗan ne masu amfani. Ku raba aji. Masu kuɗi su kara da junansu, sannan a yi ajin motar da ba a taɓa injinta ba, da tayar gwanjo, kuma kofin wannan ajin ya fi girma. Makanike da mai faci da mai tuta kar a karɓi sisinsu, a ba su abinci da kuɗin mota, a kira sunansu ranar rabon kyauta. Ku rage kashe kuɗi... amma kar in ji an yi rowa wajen birki da bel ɗin kujera da hular kwano da tukunyar kashe gobara, nan kam ku kashe ko nawa ne, wanda ba shi da su ya zauna a gida ko da Golf ɗin ce. Eh na san yanzu na ce kar a kori kowa.

Dattawa kuma kar ku yar da su, in ido ya rage ko baya ya ƙi, ku ba su agogo da littafin kuɗi, su ne kuma za su iya zama da mai unguwa da hukuma a samo izinin fili. Amma kar ku ba su shugabanci, ko ni na roƙa ku hana ni. Shekara biyu a sauka. Ko da yake in na kalli wasunku da ba su san inda filogi yake ba, sai riƙe waya da tambayar nawa aka kalla, sai in rasa wa za a miƙa wa. Kuma don Allah ku bar yi a kan titi ranar ɗaurin aure, wannan ba kulob ba ne, neman ran ɗan mutane ne, kuma duk ranar da aka take yaro kowa za a hana har masu bin doka. Sannan in an ce ƙarfe bakwai a fili to bakwai ne, ba goma da rabi da gilashi a ido ba.