Juma'ar da Baba ya cika shekara

Yau Baba ya cika shekara guda da rasuwa. Ƙarfe sha ɗaya na dare ta wuce, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu, abin da ya faru a gidanmu da safe yana ta kai-kawo a raina.

Bayan asuba na biya in gaida Inna kafin in wuce kasuwa. Ban same ta a ɗakinta ba. Tana ɗakin Baba, wanda tun da ta fita takaba take share shi kullum, buzunsa da butarsa da carbinsa suna nan inda ya bar su. Ina shirin yin sallama sai na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa. Hira take yi da shi. Tana gaya masa bikin ƙanwarmu ya matso, kayan ɗaki ba su haɗu ba, 'yan haya sun yi wata huɗu ba su biya ba. Can sai ta ce, "Malam, kai da ka riga mu zuwa, ka roƙa mana Allah ya rufa mana asiri."

Ashe autanmu yana bayana, ya dawo daga masallaci. Kafin in yi motsi ya ɗaga labule ya ce, "Inna, wannan fa shirka ce. Baba ba ya jin ki, kuma ba abin da zai iya yi miki." Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya yafe mana." Ta gyara mayafinta ta nufi madafi. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na ja shi zaure. Yaron yana karatu a wurin malaman Izala tun yana sakandare, kuma karatun ya zauna masa, ba zan tauye shi ba. Ya ce mini, "Yaya, raka'a 17 muke yi ta farilla a kowace rana, a kowacce muna cewa Kai kaɗai muke bauta wa, Kai kaɗai muke neman taimakonka. Ina gurbin mamaci a nan?" Ya kawo aya ta 18 a Suratul Jinni, wadda ta hana a kira wani tare da Allah. Ya kawo labarin Sayyidina Umar a shekarar fari, da ya fito roƙon ruwa ya sa Abbas, baffan Annabi, ya yi addu'a, alhali kabarin Annabi (SAW) yana nan cikin Madina. Ya ce da roƙon wanda ya rasu ya halatta, ai can za su nufa. Na ce masa ban yi musun ko ɗaya ba. Amma ya koma Suratu Maryam ya ga yadda Annabi Ibrahim ya yi wa mahaifinsa magana, mutumin da yake bautar gumaka ƙiri-ƙiri: sau huɗu yana ce masa "ya abati", ya babana. Kai kuma mahaifiyarka da ta tashe ka sallar asuba shekara ashirin ka jefe ta da kalma mafi nauyi a addini tun rana ba ta fito ba. Ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba.

A kasuwa ban tsinana abin kirki ba. Maƙwabcin rumfata, Kirista ne ɗan Kudancin Kaduna, ya ga fuskata ya tambaya, na ɗan gutsura masa. Ya ce su 'yan Katolika suna da ranar 2 ga Nuwamba ta yi wa matattu addu'a, kuma suna neman tsarkakansu su roƙa musu Allah, amma matarsa da ta tashi a cocin ECWA har yau ba ta yarda da hakan ba. Na yi mamakin jin cewa irin wannan muhawarar tana cikin gidajensu su ma.

Bayan an sauko daga Juma'a muka haɗu da Baffa, ƙanen Baba, muka nufi maƙabartar Dandolo mu uku a Keke Napep. Baffa ɗan Tijjaniyya ne tun yana saurayi, kuma labarin safe ya riga ya kai masa. Na ɗauka zai hau yaron da faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, abin ba dunƙule yake ba. Wanda ya tsaya a kan kabari ya ce wane ka ba ni haihuwa, ka ba ni arziki, yana ganin mamacin ne mai bayarwa, wannan ba malamin da zai tsaya masa, ko a zawiyarmu. Wanda kuma ya ɗaga hannu ga Allah ya ce don albarkar bawanka wane, wannan tawassuli ne, malamai sun yi saɓani a kansa tun kafin a haifi kakanmu." Game da ji kuma, ya ce ai ya tabbata mamaci yana jin ƙarar takalman masu binne shi idan sun juya, kuma Annabi ya yi wa gawarwakin Ƙuraishawa magana a rijiyar Badar. Auta ya ce, cikin ladabi wannan karon, ai Nana A'isha ta fahimci hadisin Badar ta wata fuskar, ta kafa hujja da ayar da ta ce ba ka jiyar da matattu. Baffa ya ce haka ne, ta faɗa. Sai ya yi shiru, ya ce shi yana da wayo lokacin da aka kafa Izala a Jos a 1978, ya ga yadda wa da ƙane suka daina bin juna salla, aka raba masallatai a unguwa ɗaya, har aure ya mutu a kan irin wannan magana. Ya ce ba ya so ya ga haka a gidan yayansa.

Ina sauraron su ina lura da wani abu: abin da Inna ta faɗa bai faɗa daidai cikin ko ɗaya daga kashi biyun Baffa ba. Ba ta ce Baba ya ba ta ba, ba ta kuma ce don albarkarsa ba. Ta ce ya roƙa mata, kamar yadda take ce masa idan zai fita tahajjudi a goman ƙarshe. A nan ni ra'ayina ya fi karkata ga na auta, ba zan ɓoye ba. Ban ga inda aka koya mana mu aiki mamaci da saƙo ba, kuma ƙofar Allah ba ta da ɗan aike. Amma kalmar shirka a kan tsohuwar nan, zuciyata ta ƙi ɗauka.

Gano kabarin ya ba mu wuya. Damina ta kwantar da ƙasar, an yi sababbi da yawa a gefensa, fasasshiyar tukunyar da muka sa alama ta nutse. Wani dattijo cikin masu haƙa ne ya taimaka mana, muka lissafa daga jikin bishiyar darbejiya. Muka yi sallamar da aka koyar, assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, har zuwa inda ake roƙa mana da su lafiya. Annabi da kansa ya ce ya taɓa hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su. Na sha karanta wannan sallamar, yau ne na lura daga farkonta har ƙarshenta babu inda aka nemi wani abu a wurin na kwance.

A nan abin ya same ni. Akwai bashin kaya da ke kaina a kasuwar Kantin Kwari, wanda ko matata ban gaya wa yawansa ba. Ina durƙusawa na ji maganar ta taho har bakina: Baba, yaya zan yi? Shekara arba'in duk abin da ya sha mini kai wurinsa nake kaiwa, ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya faɗi kalma biyu da za ta warware. Na haɗiye maganar, hawaye suka zubo. Sai hadisin nan na Muslim ya faɗo mini, cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da zai yi masa addu'a. Mutumin da na zo in kai wa kuka yana kwance yana jiran abin da ni zan aika masa. Na yi ta maimaita rabbirhamhuma kama rabbayani sagira ban san adadi ba. Auta yana gefena yana ɗebo ƙasa da hannu yana cike inda ruwa ya zaizaye, kafaɗarsa tana rawa. Baffa ya ari butar masu haƙa ya yayyafa ruwa.

Da magariba muka koma gida. Inna ta soya waina ta raba wa almajirai. Na san auta ba ya son ware rana irin ta uku da bakwai da arba'in da cikar shekara, amma yau bai tanka ba, shi ya ma ɗauki tiren ya kai ƙofar gida. Da ya dawo ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ki yafe mini, na yi miki magana ba yadda ya kamata ba." Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, "Na san Allah ne mai yi. Shekara arba'in da biyu ba abin da ya taɓa kwana a cikina ban gaya masa ba. Bakina ne bai saba ba tukuna." Ta ce ya rubuta mata addu'ar da ake yi wa mamaci da manyan baƙaƙe, don idonta ya yi rauni.

Auta ne kuma ya kawo labarin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, ya bayar da gonarsa. Muka tsayar da shawarar jawo famfo ɗaya zuwa ƙofar gida da sunan Baba, don layinmu ana shan wahalar ruwa da bazara. Baffa ya ce shi zai sayi bututu.

Da zan fito na ga ɗakin Baba a buɗe, fitila a kunne, Inna ta shimfiɗa dardumarta a gefen buzunsa. Ban tsaya jin abin da take cewa ba. Gobe da safe zan je wurin 'yan hayan nan, daga can in biya wurin mai gyaran famfo in ji nawa aikin zai ci.