Taƙi Ɗaya Daga Jiki, Kusa da Taga

Wata Asabar da hantsi wata dattijuwa ta shigo shagona riƙe da leda, ta naɗe abin da ke ciki da tsumma kamar wadda ta ɗebo garwashi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ajiye a kan kanta.

"Ɗan nan, karɓi abinku. An ce tururi yake fitarwa, yana sa sankara. Ni ga hawan jini, ba zan ƙara wa kaina wani ciwon ba."

MiFi ne, ɗan akwatin nan mai layin waya a ciki wanda yake raba intanet ga wayoyin gida. Ɗanta da ke aiki a Legas ne ya saya mata a wurina wata biyu kafin nan, don ta riƙa ganin jikokinta a bidiyo. Saƙon murya aka turo a zauren WhatsApp na matan unguwarsu, tun daga ranar ta kashe shi ta jefa a bayan kwaba. Na ce, "Mama, zauna ki huta tukuna. In na gama bayani ba ki gamsu ba, zan karɓa in mayar da kuɗin." Na aiki yaro ya kawo mata ruwa.

Irin wannan tambaya ta zama wani ɓangare na sana'ata, kamar canza batir da gyaran bakin caji. Da katin waya da caja na fara, a kan teburi ɗaya a gefen titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, sannan na yi shekara uku ina koyon gyara a hannun maigidana. Da 4G ya fara yaɗuwa daga 2016 sai na ga inda kasuwa ta dosa, na kama shago, na koma sayar da MiFi da rauta (babban akwatin raba intanet na gida ko ofis) da gyaransu. Yanzu yara biyu ke ƙarƙashina. Masu POS su ne manyan abokan cinikina, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sai ɗaliban Kaduna Poly da KASU, da teloli mata masu tallan ɗinki a waya, da ƙananan ofisoshi. Mun sha wuya a ƙarshen 2021 lokacin da aka katse sabis a wasu sassan jihar saboda tsaro, 'yan ƙauye da ke sayen kaya a hannunmu suka ɗauke ƙafa kusan wata biyu. Allah Ya fitar da mu.

Abin da na fara tambayar Mama shi ne tun yaushe take sauraren Rediyon Kaduna. Ta yi murmushi ta ce tun tana yarinya, a akwatin mahaifinta. Gidan rediyon nan tun 1962 yake watsa shiri, zamanin Sardauna, kuma muryarsa a kan mita 49 ta sha kaiwa har ƙasashen maƙwabta. Igiyar da ke ɗauko wannan murya ta ratsa bango ta shigo ɗaki, danginsu ɗaya da wadda MiFi ke aiki da ita. Amma ban ɓoye mata bambancin ba: akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, shi kuwa MiFi yana karɓa yana kuma aikawa, ga shi a cikin ɗaki tare da mutum. Don haka tambayarta tana kan hanya, ba shirme ba ce. Abin dubawa shi ne ƙarfin abin da yake aikawa, da kuma nisansa da jiki.

A cikin ɗan akwatin nan rediyo biyu ne. Ɗaya yana magana da ƙarfen sabis na kamfani, ɗayan yana magana da wayoyin gida ta waifai, a zangon gigahaz 2.4 ko 5. Na farkon, in a kan 4G yake, iyakar ƙarfinsa miliwat 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Na waifai yawanci bai wuce miliwat 100 ba. Ka haɗa su duka ba su kai rabin wat ba. Tsohuwar wayar nan mai madannai da muka fara riƙewa bayan shigowar GSM a 2001, wadda muke mannawa a kunne awa guda muna hirar dare, tana iya kaiwa wat 2 a ƙololuwarta. Na'urar ɗumama abinci ta zamani kusan zango ɗaya take da waifai, amma ita wat 700 zuwa 1000 take bugawa, shi ya sa aka kulle ta a akwatin ƙarfe. Abin da igiyar rediyo ke yi wa jiki in ta yi ƙarfi sosai ke nan, ɗumamawa. Ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ce, wanda ke da ƙarfin lalata ƙwayar halitta, har ma'aikaci yake laɓewa bayan bango kafin ya danna.

Saboda wannan ɗumamawar aka sa ma'auni da ake kira SAR, wato yawan ƙarfin da naman jiki ke zuƙa. A Amurka iyakar wat 1.6 ne ga kowane kilo, a Turai wat 2. Duk wayar kirki da MiFi na kirki an gwada su kafin su fito kasuwa, kuma adadin yana rubuce a 'yar takardar da ke cikin kwali, wadda kusan kowa ke yarwa a ƙofar shagona. A wayoyin Android da yawa in ka danna *#07# zai nuna maka nata. A nan gida hukumar NCC ce ke tantance irin na'urorin da aka yarda a shigo da su, shi ya sa ba na karɓar kayan da ba su da suna, ba lamba, ba takarda, komai arharsu. Arha ba ta ado.

Maganar sankara kuwa tana da tushe, kuma ina faɗa wa mutane tushen don kada su ji a wani wuri su ce na rufe su. A watan Mayun 2011 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa igiyar rediyo a rukunin da ake kira 2B. Ma'anar rukunin ita ce akwai 'yar alama mai rauni, ba a tabbatar ba, a ci gaba da bincike. Aka kuwa ci gaba. A 2024 aka fitar da wani babban nazari da hukumar ta sa a yi, wanda ya tattara bincike 63 da aka wallafa daga 1994 zuwa 2022, bai sami alaƙa tsakanin amfani da wayar hannu da sankarar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. Wannan fa waya ce da ake mannawa a kai. MiFi kuwa a kan teburi yake zaune.

Mun ga yadda tsoro ke gudu a 2020, lokacin kullen korona, da aka ce 5G ne ke kawo cutar, har aka ƙona ƙarafan sabis a Ingila. A lokacin ko fara sayar da 5G ba a yi a Najeriya ba, sai a 2022, amma a layinmu har wani ya zo yana tambaya ko zan iya cire masa shi daga cikin wayarsa.

Yanzu ga abin da na fi so mutum ya tafi da shi, wanda nake maimaitawa ga duk wanda ya sayi kaya a hannuna: taƙi ɗaya daga jiki, kusa da taga. Taƙin babba ya kai kusan santimita 20, kuma shi ne nisan da takardun rauta da yawa ke cewa a bari. Ƙarfin igiya yana faɗuwa da sauri in ka matsa. In ka ninka nisa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isowa gare ka. Saboda haka MiFi da ke kan teburi da wanda ke aljihun gaban riga yini guda ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu suna ƙasa da iyaka.

Batun taga shi ne mutane ba su sani ba, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa a aikin nan. Na'urar ba kullum take aiki da iyakar ƙarfinta ba. In ƙarfen sabis yana jin ta sosai, sai ya umarce ta ta rage murya. In kuwa an cusa ta a ƙuryar ɗaki, bayan bangon siminti biyu, ƙarƙashin rufin kwano, dole ta ɗaga murya iya ƙarfinta, kamar mai kiran wani daga tsallaken kogin Kaduna. A nan ne take fitar da igiya mafi yawa, ta yi zafi, ta shanye batir, intanet ɗin kuma ya riƙa jan ƙafa. Wato wanda ya ɓoye ta a cikin durowa don tsoro, ya sa ta yin ainihin abin da yake gudu. Shi ya sa nake ganin ƙarfen sabis da ke kusa da unguwa sauƙi ne ga wayar da ke kunnenka.

Rabin aikina na waje wannan ne. In aka kira ni gida a Rigasa ko Hayin Banki ko sababbin gine-ginen Millennium City, layuka uku nake ɗauka a aljihu. In shiga ɗaki ɗaki, in tsaya a kowace taga, in duba lambar ƙarfin sabis a shafin na'urar, ba sandunan da ke fuskarta kawai ba. Sau da yawa tsakanin wannan taga da waccan, taku biyar kacal, bambancin kamar dare da rana ne. Akwai gidan da maigidan ya canza MiFi har sau biyu yana cewa jabu aka sayar masa, ashe a bayan firji yake ajiyewa saboda nan soket yake.

Akwai kuma abin da na ƙi sayarwa. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mini wasu 'yan sitika masu ruwan zinare, wai a manna a bayan waya ko MiFi su tsotse tururi. Ribar ta fi ta caja nesa ba kusa ba, kuma na san da zan ajiye su da irin su Mama sun wawashe. Na ce ya kwashe kayansa. In sitikar ba ta tare komai, an ci kuɗin mutane a banza. In kuwa tana tarewa, ta toshe eriya, na'urar ta ƙara ƙarfi. Ko ta ina ba alheri, kuma ba zan ci abinci da tsoron tsofaffi ba.

Mutum ɗaya nake ja wa kunne da gaske, shi ne wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Shi kam kada waya ko MiFi su matso ƙirjinsa ƙasa da santimita 15, kada ya sa a aljihun gaba, kuma maganar likitansa tana gaba da tawa.

A shekarun da na yi a sana'ar nan, ɓarnar da na gani da idona daga batir ta fito. Zafin Kaduna a Maris da Afrilu yana dosar digiri 40, batirin lithiyam kuwa ba a so a yi cajinsa in ya haura 45. Ka ɗauki mai POS da ke ƙarƙashin lema a bakin Kasuwar Bacci: MiFi a cikin akwatin ƙarfe tare da kuɗi, a jone da fawa-banki tun safe har magariba, sabis yana wahala saboda ƙarfen akwatin. Wata uku ya isa batirin ya kumbura ya ture murfi. Wani yaro ya kawo mini nasa ya ɗaure murfin da roba, yana cewa ai har yanzu yana aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai, don batirin da ya kumbura iska ce ta taru a cikinsa, in ya huje yana iya kamawa da wuta. Wata ɗaliba kuma ƙarƙashin matashin kai take sa nata a caji ta kwana, har robar ta lanƙwashe. Allah ne Ya tsare. Batir in ya kumbura a cire shi nan take, kada a danna, kada a huda, kada a jefa a shara inda ake cinna wuta. Ina da bokitin yashi a bayan shago da nake tara su. A guji cajar ɗari biyar ta bakin titi, a guji jona shi daidai lokacin da ake tayar da janareta, kuma in ya cika a zare.

Sai lambar sirrin waifai, wadda ake sawa kafin waya ta jona da MiFi. Da yawa ba sa canza wadda ta zo a kwali, su kuma bar ta manne a bayan na'urar kowa na gani, sannan su zo suna rantsuwa kamfani na sace musu data. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 wannan ƙorafi ya yawaita. Ba na barin kowa ya fita da sabon MiFi sai mun canza ta tare, na kuma nuna masa inda zai ga wayoyi nawa ke jone.

Mama ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba sai sau ɗaya, da ta tambaya ko jikarta mai ciki za ta iya zama a ɗakin da yake. Na ce za ta iya, a dai bar shi a kan taga, ba a kan cinya ba. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai hankalinta zai fi kwanciya in yana kashe da dare. Na ce wannan ma daidai ne, batirin zai huta, data ba za ta zube ba. Na nuna mata maɓallin, ta danna da kanta sau biyu har ta iya.

Da la'asar na tura babban yarona Unguwar Dosa da guntun katako da ƙusa huɗu. Ya gwada tagogin gidan uku, ta falo da ke kallon gabas ta fi, ya kafa mata 'yar kanta a wurin, sama da inda yara za su kai hannu, inda rana ba ta bugawa da yamma. Kafin ya haɗa kayan aikinsa kiran Legas ya shigo, ya baro ta tana faɗa wa ƙaramin jikan ya matso kusa ta ga haƙorin da aka ce ya fito.